Ilmin Kimiyya: Ɗaga Ƙarfe ga Mai Ciwon Fargaba

 A cikin shirinmu na ilmin kimiyya na yau za mu yi magana a kan ɗaga ƙarfe, watau motsa jikin nan da ake yi da nauyi domin ƙarfafa tsoka. Za mu duba dalilin da ya sa mutane ke yinsa, sa'an nan mu tsaya a kan mutumin da ke fama da ciwon fargaba, mu ga irin motsin da ya kamata ya zaɓa da wanda ya kamata ya jinkirta.

Ɗaga nauyi don gwada ƙarfi tsohon abu ne ƙwarai. A gidan ajiye kayan tarihi na Olimfiya, a ƙasar Girka, akwai wani dutse mai nauyin kilo 143 da rabi, an sassaƙa rubutu a jikinsa mai nuna cewa wani mutum da ake kira Bybon ya ɗaga shi sama da kansa da hannu ɗaya. Ko ya ɗaga ɗin, ko kuwa kuri ne kawai, dutsen dai yana nan. Girkawa kuma suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, mutumin Kuroton a kudancin Italiya, wanda ya yi zamani wajen shekara 500 da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. An ce kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ya yi tafiya da shi, maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ranar da ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labarin ya yi kama da tatsuniya, amma ƙa'idar da ke cikinsa ita ce tushen sana'ar har yau: tsoka tana ƙaruwa ne idan aka riƙa ƙara mata aiki kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a birnin Atina cikin shekarar 1896 an sa ɗaga ƙarfe a ciki. Mutanen Masar sun yi suna a wannan fage tun da wuri, gama El Sayed Nosseir ya ci lambar zinariya a 1928, Khadr El Touni kuma a 1936. Mata ba su sami shiga ba sai a shekarar 2000 a birnin Sidni, inda Ruth Ogbeifo ta Nijeriya ta sami lambar azurfa.

Likitoci sun daɗe suna kallon abin a matsayin wasan ƙarti. Wanda ya fara shigar da shi asibiti sosai shi ne wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme, wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. Ana cikin yaƙin duniya na biyu aka tura shi wani asibitin soja a Shikago, ya tarar da sojoji masu raunin gwiwa suna kwashe watanni ba su koma da ƙarfinsu ba. Sai ya sa su ɗaga nauyi da ƙafar da ta ji ciwo, yana ƙara musu nauyin sannu a hankali, suka riƙa warkewa da sauri fiye da yadda aka saba gani. Ya buga sakamakon aikinsa a 1945. Tsarin nan da kuke ji a bakin masu horarwa, na a ɗaga sau 10, a huta, a maimaita har zagaye 3, daga aikin da ya yi da abokinsa Arthur Watkins a 1948 ya samo asali. Bayan haka, a 1990, wata likita a Bostan mai suna Maria Fiatarone ta sa tsofaffi 10, masu shekara wajen 90, ɗaga nauyi da ƙafa har mako 8. Ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Shi ya sa a shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 aka ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

To, ga dalilai iri-iri ke nan. Wani yana ɗagawa don gasa, wani don kyan ƙira, wani don ya warke daga rauni, wani kuma don kada tsufa ya hana shi tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba. Amma akwai wani dalili da masu yi kan faɗa idan hira ta yi daɗi, watau cewa lokacin da suke riƙe da ƙarfe ne kaɗai tunani ke sakinsu. Wannan dalili shi ne ya kawo mu ga batun fargaba.

Kowa ya san faɗuwar gaba, kuma ba cuta ba ce. Tana zama ciwo ne sa'ad da zullumi ya zaune wa mutum wata da watanni, ya hana shi barci, ya hana shi aiki ko shiga jama'a, alhali babu wani hatsari a gabansa da ya kai haka. Waɗansu kuma takan zo musu farat ɗaya: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya tabbata ajali ne ya zo, bayan 'yan mintoci kuma abin ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke da irin wannan ciwo a duniya, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Da yawa daga cikinku da ke zaune a ƙasashen waje kun san abubuwan da ke hura wutarsa: batun takardun zama, kuɗin haya, 'yan uwa a gida suna jiran aike, ga kaɗaici, ga duhun hunturu ga waɗanda ke Ingila ko Amurka.

Abin da ke faruwa a cikin jiki, wani malami na Jami'ar Harvard mai suna Walter Cannon ya bayyana shi tun 1915. Idan ƙwaƙwalwa ta hangi hatsari, sai ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa ga waɗansu 'yan halittu biyu da ke zaune a bisa ƙoda, su kuwa su zuba wani sinadari mai suna adiranalin a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya bar kayan ciki ya nufi tsokoki, domin mutum ya yi faɗa ko ya sheƙa da gudu. Wannan shiri ne mai kyau ga wanda ya yi kiciɓis da kura. Ga mai ciwon fargaba kuwa, ƙararrawar tana kaɗawa ne babu kura.

Yanzu sai ku lura da ƙullin da ke cikin al'amarin. Mutumin da ya ɗaga nauyi, zuciyarsa za ta yi sauri, numfashinsa ya hau, ya yi gumi, hannuwansa su yi rawa. Waɗannan su ne ainihin alamun da mai fargaba ya fi tsoro. Saboda haka yakan shiga gidan motsa jiki da niyya mai kyau, ya yi minti biyar, ya ji ƙirjinsa na bugawa, ya ce ciwon ne ya taso, ya fita bai sake komowa ba. Likitoci ma sun taɓa tsoron haka. A 1967 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Pitts da McClure, suka ɗura wa masu ciwon fargaba wani sinadari mai suna laktet a jijiya, kusan dukkansu suka firgita, lafiyayyu kuwa kaɗan ne abin ya taɓa. Tun da yake tsoka tana fitar da laktet idan ta yi aiki mai tsanani, sai aka yi zaton motsa jiki zai riƙa tayar da ciwon. Zaton bai tabbata ba. A shekarar 2000 Patrick O'Connor da abokan aikinsa suka tattara rahotannin gwaje-gwajen da aka yi wa masu ciwon firgita, suka tarar a cikin motsa jiki sau 444, sau 5 kaɗai firgitar ta auku.

Har ma an gane cewa a cikin wannan kamanni ne wani sashe na maganin yake. Idan mutum ya ji zuciyarsa ta yi sauri don dalilin da ya sani, watau nauyin da ya ɗaga da hannunsa, sa'an nan ya zauna ya ji ta tana komawa daidai ba abin da ya same shi, kuma ya maimaita haka sau da yawa, to, ƙwaƙwalwa takan fara koyon cewa bugun zuciya ba sanarwar mutuwa ba ne. Masu ilmin halayyar ɗan Adam suna amfani da wannan dabara da gangan a ɗakin magani, inda sukan sa majinyaci hawa matakala ko gudu a tsaye don ya saba da abin da yake tsoro.

Shaidar gwaji kuwa ga yadda take. A 2012 Matthew Herring ya buga wani gwaji da ya yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka da mata 30 masu ciwon zullumi. Ya kasa su uku: kashi ɗaya suna ɗaga nauyi da ƙafa sau 2 a mako, kashi ɗaya suna tuƙa keke, kashi ɗaya suna jira. Bayan mako 6, mata 6 cikin 10 masu ɗaga nauyi sun fita daga ma'aunin ciwon, masu keke 4, masu jira 3. Mutum 30 ba su da yawa, kada a ɗora wa gwajin abin da ya fi ƙarfinsa. Amma a 2017 Brett Gordon da Herring da abokansu a Jami'ar Limerik ta ƙasar Ailan suka haɗa gwaje-gwaje 16 masu ɗauke da mutum 922, suka ga lalle ɗaga nauyi yana rage alamun fargaba. Ragin matsakaici ne, kuma ya fi bayyana ga masu lafiya bisa ga waɗanda ciwo ya riga ya kama. Ma'anar wannan a fili take: ƙarfe mataimaki ne, ba ya maye gurbin likita ga wanda ciwonsa ya yi nisa.

To, wane irin motsi mai fargaba zai zaɓa? Kafin a zaɓi irin motsin, sai an fara daidaita yawan nauyi. Wani nazari da Strickland da Smith suka buga a 2014 ya nuna cewa nauyi mara tsanani, watau ƙasa da kashi 70 cikin 100 na iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya, shi ya fi kawo natsuwa a kai a kai. Alal misali, wanda iyakar ƙarfinsa kilo 50 ne, kada ya wuce kilo 35. Ba sai ka gwada iyakar taka ba, kuma ban ba ka shawarar ka gwada ba. Nemi nauyin da kake jin za ka iya ɗagawa sau 15, ka ɗaga shi sau 10, ka ajiye da sauran ƙarfinka. Samarin da ke ihu a kan abokinsu sai ya ƙara ɗaya har idonsa ya yi ja, wata manufa suke bi dabam da taka.

Abu na biyu, zaɓi motsin da za ka iya bari a kowane lokaci ka ga dama. A ganina wannan ya fi kowace shawara amfani, gama abin da ya fi tayar da firgita shi ne mutum ya ji ba shi da mafita. Dubi motsin nan da samari suka fi so, wanda mutum ke kwanciya rigingine a kan benci, doguwar sandar ƙarfe tana bisa ƙirjinsa, yana tura ta sama. Idan hannu ya gaza, sandar a kansa za ta sauka, kuma zuciyarsa ta san haka tun kafin ya fara. Haka nan tsugunawa da sanda a bayan wuya. Motsi ne masu kyau, amma a bar su sai an saba, kuma ko a lokacin sai da amintaccen mutum tsaye a kai. A maimakonsu, riƙe ƙananan ƙarafan hannu guda biyu, waɗanda in ka ji ba daɗi sai ka sauke su gefe. Ko ka dafa bango ko bakin tebur mai ƙarfi ka riƙa tura jikinka, daga baya ka sauko ƙasa. Don ƙafafu kuma, rungume nauyi ɗaya a ƙirji, ka zauna a kan kujera, ka miƙe, ka sake zama. Kujerar tana bayanka, ba inda za ka faɗa.

Don gadon baya, dafa benci da hannu ɗaya, ka jawo nauyi daga ƙasa zuwa kwiɓinka da ɗaya hannun. Akwai kuma wani motsi wanda duk wanda ya taɓa ganin ɗan garuwa ya san shi: ka ɗauki nauyi daidai wa daida a hannu biyu, ka miƙe sosai, ka yi taku 20 ko 30, ka ajiye. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka biyu sun ishe ka, kana zuba ruwan gwargwadon ƙarfinka, kana ƙara kofi biyu ko uku bayan kowane mako. Ga maraƙin Milo ke nan a tsakar gida. Wannan ya dace ƙwarai da matan da ba su son cuɗanya da maza a gidan motsa jiki, da kuma wanda idon jama'a ne tushen fargabarsa. Wanda ke da halin zuwa inda akwai na'urori, su ma suna da kyau ga mai farawa, domin na'ura tana riƙe nauyin a kan hanyarsa. Sai ya zaɓi lokacin da babu cunkoso, ya tsaya kusa da ƙofa in hakan zai kwantar masa da rai. A unguwannin zango, inda samari kan haɗa ƙarafansu da siminti da tsofaffin kayan mota, matsalar ita ce ba a san nauyin abin ba, kuma gefe ɗaya yakan fi ɗaya. A kai shi kan sikelin masu awo a san gaskiyarsa.

Motsi 4 ko 5 sun isa, zagaye 2 ko 3 kowanne, kwana 2 a mako, da hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Kada a riƙa sauya su kullum. Mai zullumi ya gaji da abin da bai san yadda zai kasance ba, tsarin da ya haddace kuwa hutu ne a gare shi. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta nauyi da adadi. Fargaba takan gaya wa mutum ba ya iya komai, littafin kuwa zai nuna masa kilo 8 a watan jiya, kilo 11 a wannan watan, da rubutun hannunsa.

Sai batun numfashi, wanda nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Idan mutum ya toshe numfashi ya yi yunƙuri, jini yakan hau ƙwarai na ɗan lokaci, in ya saki kuma ya faɗo, sai jiri ya ɗebe shi. A 1985 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka auna jinin ƙarfafan samari suna tura nauyi mai tsanani da ƙafa biyu, suka ga ya kai wajen 320 bisa 250, alhali na mai lafiya a zaune wajen 120 bisa 80 ne. Saboda haka fitar da numfashi sa'ad da kake ɗagawa, ka shaƙa sa'ad da kake saukewa. Kishiyar wannan kuskure ita ce haki da sauri-sauri. Shi kuma yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai yatsu da leɓɓa su yi tsir-tsir, kai ya yi sakayau, mutum ya ce ga ta nan ta zo. In ka gama zagaye, zauna, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shaƙar tsawo. Kada ka koma sai ka iya yin magana mai tsawo ba tare da yankewa ba, ko da minti 3 za ta ɗauka. Saboda wannan dalili ne ma tsarin nan na tsalle daga motsi zuwa motsi ba hutu bai dace da mai farawa ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, watau goro. Goro yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi, shi kuwa an tabbatar yana iya tayar da firgita ga mai ciwon idan ya yi yawa. Garin nan da ake sayarwa a gwangwani don a sha kafin ɗaga ƙarfe, yawancinsa cike yake da kafeyin, haka nan lemunan ƙara kuzari. Mai fargaba ya nisance su, ya kuma rage goro da shayi mai kauri a ranar motsa jiki. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka kuwa, ban da ɓarnar da suke yi wa zuciya da hanta, suna kawo saurin fushi da rashin natsuwa. Waɗanda ke Sudan ko Chadi ko Saudiyya su guji tsakar rana, su sha ruwa sosai, gama ƙishirwa ma tana sa zuciya sauri. A watan azumi a rage nauyi, a mai da aikin bayan shan ruwa.

Wani zai ce, ai ni ɗan dako ne, wuni nake ina ɗaukar buhu, me ya sa fargaba ba ta bar ni ba? Amsa ita ce dako da motsa jiki ba ɗaya ba ne. Ɗan dako ba shi ke zaɓen nauyin ba, ba shi ke zaɓen lokacin hutu ba, kuma yana yi ne awa takwas ko goma da tunanin abin da zai kai gida. Irinsa ya fi bukatar barci da hutu bisa ga ƙarin nauyi.

Kwana ɗaya ko biyu bayan farawa tsokoki za su yi tsami, har da na ƙirji. Wannan ba ciwon zuciya ba ne, alamarsa kuwa ita ce in ka danna wurin ko ka motsa hannu zafin yana ƙaruwa, kuma yakan wuce cikin kwana 3 zuwa 5. Amma idan ana cikin aiki aka ji nauyi ya danne ƙirji, zafi yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko mutum ya suma, to, a tsaya nan take a nufi asibiti, kada a ce ai fargaba ce. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai ƙaba, da mace mai ciki, su ga likita kafin su fara. Wanda ke shan maganin fargaba kada ya bari don ya fara ɗaga ƙarfe, kuma ya tambayi likitansa, domin waɗansu magungunan suna sa magagi, waɗansu suna rage saurin zuciya.

Wani lokaci fargabar takan bi mutum har cikin gidan motsa jiki ta sauya kama. Likitan ƙwaƙwalwa Harrison Pope na Harvard ya bayyana a cikin shekarun 1990 irin samarin da ƙirarsu ta cika, amma in sun dubi madubi sai su ga kansu ƙanana, su ƙi zuwa biki ko aiki don kada su rasa horon rana ɗaya. Idan ka ga rasa kwana ɗaya yana hana ka barci, ko kana ɗagawa da rauni a jiki, ko awon damtse ya zama abin da kake fara yi da safe, to, wannan ma magana ce da za a kai wa likita.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba barci da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa a cikinsa. Sai mun sadu, ku huta lafiya.